Baƙon da Ya Juya Cikin Maƙera

Ga ta nan, ga ta nanku, 'ya'yana. Kun ce ta zo ku ji ta? To, ku matso.

Akwai wani maƙeri da duk ƙauyensu ke jiran fartanya daga hannunsa, gama damina ta kusa. Ran nan wani baƙo ya yi sallama, ya roƙi ɗan lungu a maƙera ya sauka. Aka ba shi. A garin kuwa abin kunya ne a leƙa inda aka sauke baƙo. Sai maƙerin ya koma gindin bishiya yana sassaƙa ƙota, ya bar 'ya'yansa a bakin wuta.

Baƙon bai taɓa bango ba, ciki ya juya. Ya kakkafa zana, ya raba ɗakin lungu-lungu, ya danne zugazugi da kaya. Ya sa 'ya'yan maƙerin suna ƙera masa mabuɗai irin nasa, don shiga gidajen maƙwabta.

Maƙerin na jin ƙarar guduma, yana murna.

Matarsa ta kai abinci, ta fito tana tari. Ta ce, "Maigida, yaushe rabonka da shiga ɗakin nan?"

Ya ce, "Ba kya jin aiki na tafiya?"

"Ina ji. Ka ga fartanya ta fito? Ko da kunne za a yi noman bana?"

Ya shiga, bai gane ɗakinsa ba. Hayaƙi ko'ina, wuta na neman mutuwa. Ya ruga ya kira maƙwabta. Suka yaye zana, suka kori baƙon, suka watsa mabuɗan a wuta. Da aka ja zugazugi wuta ta tashi, sai maƙerin ya zauna ƙasa ya ce, "Na gode wa Allah!" Kafin ruwan shuka, kowa ya karɓi fartanyarsa.

Ma'anar wannan misali ita ce: haka ƙwayar cutar mura take yi. Takan shiga ƙananan ƙwayoyin huhu, ta sake tsarin cikinsu, ta gina maɓoya, ta sa su ƙera mata irinta, har numfashi ya yi wuya. Zunubi ma ɗan lungu yake roƙo a zuciya. Kana zuwa sujada, kana waƙa, daga waje lafiya lau. Shiga ka duba, ɗana. In ka tarar an juya ciki, kada kunya ta rufe maka baki. Kira Ubangiji, kira 'yan'uwa, za su zo.

Ƙurunƙus, ta ƙare nan. Mu sunkuyar da kai mu yi addu'a.