Sai Dai Kilo

Ya 'yan uwa, ku matso kusa, masu hira a baya ku ajiye ta tukuna, ba za ta ruɓe ba. An yi wani mutum a Gwarzo wanda ba zan kama sunansa ba, don iyalinsa suna raye, kuma ba su suka aikata ba. Makanike ne na taraktoci da kayan noma. Kowa Injiniya yake ce masa, duk da ko ƙofar jami'a bai taɓa gani ba.

Allah ya ba mutumin nan kunne. In aka tayar da inji yana tsaye, kafin ka gama gaishe shi ya faɗa maka ciwon da ke ciki. Daga Getso har Kabo ba mai sayen tsohon inji sai ya ɗauko shi ya duba. In ya ce a saya, an saya. In ya girgiza kai, ciniki ya mutu ko da an kai bakin sallama. Ba shi da wani babban gareji, ba shi da gona ta a zo a gani. Maganarsa ita ce jarinsa, da ita yake ciyar da gidansa, kuma shekara ashirin ba a taɓa kama shi da ƙarya ba.

A Lakwaya kuwa akwai wani bawan Allah mai suna Mijinyawa. Iyayensa makiyaya ne, shi ya zauna noma. Ya sayar da shanu daga garken da ya gada, ya sayi injin sassabe ɗan kwatano, irin wanda ake ɗaura wa tarakta a baya. Ga wanda bai san shi ba, wata doguwar gangar ƙarfe ce a kwance cikin murfi, an rataya mata wuƙaƙe a jere, kowace tana reto a jikin notinta. In tarakta ta juya gangar, wuƙaƙen su miƙe su yi ta dukan kara da ciyawa da ƙananan sabara, su bar su dugu-dugu. Manoma suna son sa don share gona, masu dabbobi suna son abin da yake bari a ƙasa. Mijinyawa yakan yi hayar tarakta ya yi wa mutane aiki, da haka yake riƙe gidansa.

Sai Allah ya karɓi ransa bayan gajeruwar jinya. Ya bar matarsa Altine da 'ya'ya huɗu ƙanana.

Da aka zo rabon gado, gona an auna, tumaki an raba, amma inji ba ya rabuwa. Sai an san ƙimarsa, sannan a ga ko za a sayar ko za a bar wa marayu ya ci gaba da nema musu abinci. Badamasi, wan mamacin, shi ne waliyyin yaran. Ya aika aka kira Injiniya, don wa kuma za a kira?

Injiniya ya je ana gobe za a zauna, aka nuna masa injin a bayan gida ƙarƙashin wata ɗorawa, aka bar shi shi kaɗai ya yi aikinsa. Ya juya gangar da hannu ya sake ta, ta tafi sumul ba ta zaɓi inda za ta tsaya ba. Ya girgiza ta ya ji boris bai yi wasa ba. Ya buɗe akwatin giya ya tsoma yatsa, ya murza man, ba ɓurɓushin ƙarfe, ba ruwa. Ya duba bel, ya ƙwanƙwasa murfi yana neman tsaga, bai samu ba. Fenti ya koɗe, akwai tsatsa nan da can, amma shi ya san tsatsar sama ba ciwo ba ce, sabon fenti ne abin tsoro a tsohon inji. Mijinyawa ya riƙe abinsa da giris kullum. A duk injinan da ya taɓa dubawa bai ga mai lafiyar wannan ba.

Kada ku zaci ya tsaya yana kokawa da zuciyarsa. Ni da na so in ce muku ya yi gumi, hannunsa ya yi rawa, amma ba haka aka yi ba. Ya ɗan zauna a kan saiwar ɗorawa yana kallon injin. Daga nan ya ɗauki sifana, ya kwanta ƙarƙashin murfi, ya kwance wuƙa biyu daga ɓangare ɗaya, ya jefa a jakarsa. A hanyar komawa ya tsaya da babur ya wurga su cikin wata tsohuwar rijiya. Ya isa gida ya ci tuwonsa kamar kullum.

Ita gangar nan da daidaito take aiki. Kowace wuƙa tana da 'yar uwarta a ɗaya ɓangaren mai nauyi irin nata. In ka cire ɗaya, inji ya haukace.

Washegari malam mai rabo ya zo, shaidu suka zo, aka kawo tarakta aka ɗaura. Ana tayarwa injin ya ɗauki rawa da ƙara, har taraktar kanta tana tsalle, mutane suka watse. Injiniya ya ɗaga hannu aka kashe.

Badamasi ya ce, “Injiniya, yaya ka gani?”

Ya ce, “Baba Badamasi, ganga ta karkace, kuma ba a gyara irinta a nan. Wannan sai dai kilo.”

Kun san kilo. Wato a ɗora shi a sikeli kamar fasasshiyar tukunya, 'yan gwangwan su biya nauyin ƙarfe su tafi.

Altine tana cikin takaba, tana jin su daga bayan zana. Ta ce, “Malam, ranar da zai kwanta ciwo da shi ya yi aiki. Ban taɓa jin yana wannan ƙarar ba.”

Injiniya ya ce, “Ƙarfe haka yake, Allah ya ba ku haƙuri.”

Malam mai rabo ya dube shi ya ce, “Ka shaida haka tsakaninka da Allah?” Ya ce ya shaida. Wa zai durƙusa ya leƙa ƙarƙashin murfi ya ƙirga wuƙa arba'in, alhali Injiniya ya yi magana? Ba wanda ya leƙa.

Injiniya ya tura wani ɗan gwangwan ya saya a madadinsa, aka kai injin wani kango a ɓangaren Kabo. Ya shafe jan fentinsa da kore. Nan ne fa ƙaryar ta fara ɗaure mai ita. Mai sayar da kayan gyara guda ne a yankin yake kawo irin wuƙaƙen nan, kuma ya san inji ɗaya ne ke amfani da su. In Injiniya ya je nema, kafin la'asar labari ya kai Lakwaya. Ya koma bakin rijiyar nan ya leƙa, sai duhu da ruwa. Don haka ya je wani ƙauye ya sa maƙeri ya yanko masa biyu daga sifirin mota, ya ɗaura su da notin kasuwa, irin wanda ake ɗaure ƙofa da shi. Nauyin bai zo ɗaya ba, notin kuma ba na wannan aikin ba ne. Ba wanda ya fi shi sanin haka.

Yana da ƙane, Hadi, uwa ɗaya uba ɗaya, direban tarakta ne mai 'ya'ya uku. Ya ce masa daga Katsina ya sayo injin, suka karɓi aikin share wata gonar dawa a Garo bayan girbi. Tun da safe da aka tayar, kunnen nan nasa ya faɗa masa gaskiya. Wajen hantsi Hadi ma ya ji, ya tsayar da tarakta ya sauko.

Ya ce, “Yaya, ba ka ji wani abu ba? Kamar yana ɗan rawa.”

“Kara ne ya sarƙe. Lafiyarsa ƙalau, ni na duba.”

Hadi ya ce, “To, tunda kai ka ce.”

Bayan azahar suka yi musanya. Injiniya ya hau tuƙi, Hadi ya koma baya yana taya mai gona tara abin da inji ya daddatse. Ba su yi kunya biyar ba noti ya tsinke. Wuƙar ta fito ta ƙarƙashin murfi ta sami Hadi a wuya. Kafin a samo motar kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Injiniya ya kashe tarakta, ya zare makulli ya sa a aljihu, ya sauko. Ya tsaya yana jiran kuka ya zo masa, bai zo ba. Ya taya ɗaukar gawa, ya wanke hannunsa, ya ga ma har ya tuna ya kwashe sifanoninsa. A sahun jana'iza, liman yana kabbara, shi kuma yana sauraron wani injin ban ruwa can nesa, yana lura man ya yi masa kaɗan. Mutane suka ce kai, mutumin nan akwai tawakkali. Ba tawakkali ba ne, 'yan uwa, zuciyar ce ba ta jin komai.

Mai gona ne ya tsinci wuƙar, ya ga ƙirar maƙera ce. Aka leƙa injin, aka kankare kore sai ga ja. Aka kira Badamasi, ya gane waldar da ke kusurwar murfi, don shi ya riƙe wa ƙaninsa ƙarfen ranar da aka yi ta. Hukuma ta yi nata, aka mayar wa marayu injinsu, wani makanike ya sa masa wuƙaƙen gaske.

Lokacin Altine ta fita takaba. Ta zo yi wa matar Hadi ta'aziyya, ta sami Injiniya zaune a zaure. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ake gaida mai rashi. Ta ce, “Injiniya, ya ƙarin haƙuri? Allah ya ji ƙansa. Gidana marayu huɗu ne, ga shi naku ma an samu uku. Allah ya raya mana su.” Ya ce amin. Ta tashi ta shige cikin gida.

Yanzu yana nan, yakan zauna a bakin tasha, ba mai kiransa duba ko keke. Kwanan baya wani manomi yana cinikin tsohon injin markaɗe kusa da shi, aka tayar don gwaji. Ya saurara, ya ce, “Ɗan uwa, kada ka saya, boris ya tafi, ba zai kai sati ba.” Gaskiya ya faɗa. Manomin ya tambayi na kusa da shi wane ne wannan, aka faɗa masa. Sai ya juya ga mai sayarwa ya ce, “Tunda shi ya ce ba kyau, ɗaure mini, na saya.” Injiniya yana kallo aka ɗora a baro aka wuce da shi.

Ya 'yan uwa, wa aka fi cuta a labarin nan? Kuma wa ya yi cutar? Ba ɗan fashi ba ne, bai haura katangar kowa ba. Kiransa aka yi, aka shimfiɗa masa tabarma, saboda ya san abin da sauran mutane ba su sani ba. Da yawanku haka kuke. Dillali yana nan, magini yana nan, mai duba haƙoran sa a kasuwar shanu yana nan. Ana tambayarku ne don ba a iya gani, kuma abin da kuka faɗa shi za a ɗauka. Wannan amana ce, faɗin ƙarya a cikinta shaidar zur ce, in kuma dukiyar maraya ce kun san abin da aka tanadar wa mai cinta. Kada wani ya ce ai ni na yi ban ji komai ba. Rashin jin shi ne ya kamata ya hana ka barci. Ƙofar tuba a buɗe take, amma sai ka mayar da haƙƙi ga mai shi, tun kana iya mayarwa. Mutumin nan an karɓi inji daga hannunsa an mayar, Hadi kuwa ba mai iya dawo da shi.

Allah ya kiyaye mu da cin amanar wanda ya yarda da mu. Allah ya tsare harsunanmu ranar da aka kira mu shaida, ya raba cikinmu da haƙƙin marayu, kada ya bar zukatanmu su mutu muna raye. Amin.