Ranar da Lawwali Ya Ƙirga Gidajen Tungar Maccido

Akwai wani saurayi ɗan Illela mai suna Lawwali, a zamanin da Turawan Ingila ba su daɗe da kama ƙasar Sakkwato ba, Faransawa kuma suka riƙe arewa da ita.

Mahaifinsa Idi bafatake ne, yana kai goro arewa ya sauko da kanwa. Ya gaji da tsayuwa gaban ma'aikatan Faransawa suna yi masa magana yana gyaɗa kai bai san me aka ce ba. Sai ya tura Lawwali makarantarsu ta samari da ke Birnin Ƙonni, wadda mutanen can suke kira lakwal.

Daga Illela zuwa Ƙonni tafiyar hantsi ce a ƙafa, amma wata ƙasa ce daban. Harshen hukuma daban, kuɗi daban, doka daban.

Lawwali yana da ƙwaƙwalwa, wannan babu musu. Faransanci, lissafi, awon ƙasa, duk shi ne a gaba. Sai dai karatun ya hau masa kai. Cikin shekara biyu ya koma ba ya tafiya sai da wandon kaki da takalmi mai ƙara, gaisuwarsa kuma ta gajarce har ta kusa ɓacewa.

Ranar Asabar da azahar ake sallamarsu, sai Litinin. Abokansa kowa ya nufi gida, shi kuwa yawon ƙauyuka yake tafiya, wai yana buɗe ido.

A wata kaka, malaminsu Bafaranshe ya ba su aiki. Kowa ya zaɓi ƙauye ɗaya ya zana taswirarsa, da rijiyoyi da rumbuna da yawan mutanen kowane gida. Wanda ya fi iyawa za a tura shi babbar makaranta ta gaba. Lawwali ya riga ya ga kansa a can.

Ya zaɓi Tungar Maccido, wani ƙaramin ƙauye a ɓangaren Faransawa. Ya isa ranar Asabar, gero ya nuna a gonaki, saura kwanaki a fara yanka.

Kun san yadda baƙo yake shiga gari. Ya fara zuwa ƙofar mai gari, ya yi sallama, ya sha ruwa, ya faɗi abin da ya kawo shi. Gogan naku bai yi ko ɗaya ba. Ya zaro littafi ya kama taka ƙasa yana ƙirga taku, ya leƙa rijiya ya rubuta, ya tsaya ƙofar gida ya tambayi maza nawa ne a ciki.

Mai garin, wani dattijo mai sanyin hali da ake kira Maccido, ya taso da kansa ya same shi.

"Sannu da zuwa, baƙo. Mi kaka rubutawa haka?"

Lawwali ko ɗago kai bai yi ba. "Aikin Turawa na, tsoho. Ko na hwaɗa maka, ba ka ganewa."

Maccido ya juya ya koma.

Abin da Lawwali bai tsaya ya tambaya ba shi ne, shekara biyu kafin nan wani mai wandon kaki ya zo garin da littafi, ya yi irin waɗannan tambayoyin. Bayan mako guda dogaran kumandan, wato Bafaranshen da ke mulkin yankin, suka zo suka ɗaure samari goma sha biyu, aka tafi da su aikin tilas na fasa dutsen hanya. Uku ba su dawo ba.

Asabar ta zagayo. Lawwali ya lura ya manta bai auna rijiyar arewa ba, sai ya koma.

Tun daga bakin gari ya ji abin ba daidai ba. Babu ƙarar turmi, babu yara. A gonaki kuwa tsuntsayen jan baki sun sauka kan geron, garke bayan garke, babu mai korarsu.

Wata tsohuwa mai suna Tasalla tana zaune ƙarƙashin bishiyar bedi. Tana ganinsa ta zube ƙasa.

"Ɗana, don Allah, ba kowa. Dut sun tahi. Mu tsohhi munka rage, mu ko ba mu iya ɗaukar dutse."

"Wane dutse, inna? Ina sunka tahi?"

"Kai da ka rubuta su kaka tambaya? Sun ƙetare, suna Kalmalo, ƙasar Ingilishi. Har mai gari, don in ba a iske samari ba shi aka ɗaurewa. Yau kwana shidda."

Ta nuna gonakin da hannu. "Ga abincinmu na shekara can, tsuntsu na ci. In anka ƙara mako guda, ba mu da abin sa wa rumbu."

Nan Lawwali ya gane abin da ya jawo. Gari guda zai kwana da yunwa shekara guda, saboda ya ƙi buɗe baki ya yi bayani na minti biyu. Tsoro da kunya suka rufe shi.

Bai auna rijiyar ba. Ya juya ya miƙe hanyar Illela, yana tafiya yana haɗawa da gudu, ya iske mahaifinsa ya gama sallar magariba. Ya faɗa masa komai, bai rage ba.

Idi ya dube shi ya ce:

"Na aike ka ka koyo harshen mutane, ashe naka ka yar a hanya. Ka shiga garin mutane ba ka gaida mai gari ba? Wa ya koya maka wanga? Ba ni ba dai."

Da sassafe suka kama hanyar Kalmalo. Idi ya ce dole su tafi tare, don in Lawwali ya je shi kaɗai, kafin ya buɗe baki an buɗe masa kai da sanda.

Maganarsa kuwa ta tabbata. Mutanen sun kafa bukkoki a bakin tabki. Suna hango wandon kaki, mata suka kwashi yara, samari suka ɗauki sanduna. Idi ya shiga gaba yana ɗaga hannu. Da yawansu sun san shi, sun sha sayen goro a hannunsa, sai suka dakata.

Lawwali ya tuɓe takalmi tun daga nesa. Ya zo gaban Maccido ya durƙusa, ya yi gaisuwa cikakkiya, irin wadda ya shekara biyu bai yi ba. Sannan ya ce shi ɗalibi ne, ba ma'aikacin kumandan ba, kuma babu dogarin da ke tafe.

Wani saurayi ya yi tsalle. "Baba, a bar ni da shi! Kwana bakwai muna kwana bisa ƙasa, geronmu na lalacewa, don wasan makaranta?"

Maccido ya ɗaga masa hannu, saurayin ya zauna. Ya juyo ga Lawwali, babu faɗa a muryarsa.

"Na ji, na kuma yarda ba aiko ka anka yi ba. Amma takardar, wa za ka ba?"

"Malaminmu, baba."

"Shi malamin naku, ba ya zama da kumandan?"

Sai a lokacin Lawwali ya tuna. Kowace Lahadi malamin nasu a gidan kumandan yake cin abinci. Ga littafi ɗauke da yawan mazan kowane gida, a tsare, da rubutu mai kyau. Tsohon da Lawwali ya ce ba zai gane ba ya riga shi ganewa tun ranar farko.

Aikin da zai kai shi babbar makaranta yana cikin wannan littafin, kuma babu lokacin sake wani. Ya riƙe shi ɗan lokaci. Sai ya tashi ya je wurin murhun da wata mata take dafa kunu, ya cusa shi cikin wuta, ya tsaya har ya cinye.

Maccido ya sauke numfashi. "To, ku ɗaure kaya. Mu tahi gida."

Kafin azahar sun ƙetare iyaka. Lawwali ya bi su. Kwana huɗu ya yi a gona yana yankan gero, hannuwan da suka saba da alƙalami suka yi kanta, samari suna yi masa dariya yana yi tare da su.

Da ya koma makaranta, an hukunta shi kan fashin aji, aka kuma tura wani ɗalibi babbar makarantar. Abin ya yi masa ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Amma a cewarsa, bai taɓa jin sauƙi a ransa irin na ranar da aka ɗaga damin ƙarshe aka sa a rumbu ba.

Tsuntsaye sun ci kusan kashi ɗaya cikin uku. Abin da ya rage ya kai mutanen Tungar Maccido har wata kaka, kuma ba a ɗauki ɗan kowa ba.

Darasi: Ilimin da ya hana ka gaisuwa da yi wa mutane bayani zai iya cutar da waɗanda ba su yi maka komai ba. Idan ka shiga wurin mutane, ka fara da sallama, ka saurari manyansu, don sun san abin da ba a koya maka a aji ba. Idan kuma ka yi kuskure, ka gyara da wuri ko da zai ci maka wani abu. Ku tura wannan labari ga ɗalibanku da ke karatu nesa da gida.