Fasfon Da Ya Faɗa Ruwan Wanki

Saura wata huɗu a yaye autarsa daga makarantar koyon aikin likita a ƙasar waje, ofishin jakadanci ya hana Hedimasta da matarsa biza. Shekararsa sittin da uku a duniya, talatin daga ciki ya yi su riƙe da jan biro, kuma a iya saninsa bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Mutum ne mai tsafta, mai kiyaye lokaci, ba ya cin haƙƙin kowa. Aibinsa ɗaya ne: ya gwammace a cire masa haƙori da ya buɗe baki ya ce ya yi kuskure.

Takardar da aka ba kowannensu shafi ɗaya ce, an ja alama a layi guda. Bai karanta ta har ƙarshe ba. Ya ninke ta gida huɗu, ya cusa cikin babban ƙamus, ya mayar da ƙamus kan kanta. Da yamma, da tsofaffin abokan aikinsa suka tambaye shi a bencin ƙofar gida, sai ya ce shi ya ɗage tafiyar, wai yana son sanyin ƙasar ya ɗan ragu tukuna.

Matarsa, wadda ta yi ritaya daga aikin jinya, ta saba karanta ƙaramin rubutun jikin kwalbar magani, don haka ta zauna ta karanta tata daga sama har ƙasa.

"Malam, ai abin ba wani mai wuya ba ne," in ji ta. "Cewa suka yi ba mu nuna dalilin tafiya ba. Wasiƙar gayyatar nan ta makaranta, wadda na ce mu jira isowarta, ita ce ba mu sa ba."

"Na rubuta musu dalili da hannuna, shafi biyu. In ba su iya karatu ba, laifina ne?"

Ta ninke takardarta ta ajiye. Shekara talatin da biyar na aure sun koya mata inda magana ke tsayawa.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne wani ɗan hatimi da aka buga a shafin ƙarshe na fasfonsa. Bai kai girman kan babban yatsa ba, amma duk lokacin da ya buɗe sai ya ga kamar sifiri ne aka zagaye da ja. Ranar Asabar da safe matar ta tsoma hannu cikin bokitin wanki ta zaro fasfon daga aljihun rigarsa, ya jiƙe sharkaf, tawada ta dame.

Ta riƙe shi da yatsu biyu ta same shi a falo. "Tun da nake maka wanki, ko tsinken sakace ban taɓa samu a aljihunka ba. Yau kuma fasfo guda?"

"Tsufa ne," ya ce, yana gyara zaman jarida.

"Allah ya kyauta. Tsufan nan ya iya zaɓe."

Bayan mako shida sabon fasfo ya fito, fari fes. Wasiƙar makaranta ma ta iso. Suka tafi shagon buga takardu da ke bakin titi don cike fom. Mai shagon tsohon ɗalibinsa ne, yanzu har ya yi furfura a gemu, amma da ya hango shi sai da ya miƙe tsaye. Ya fara da na matar. Da suka kai tambayar ko an taɓa hana ta biza, ta ce ya rubuta e, ya sa ranar, ya sa dalilin, ya kuma haɗa da tsohuwar takardar.

Da aka zo na Hedimasta, ya ce, "Rubuta a'a."

Mai shagon ya ɗauke hannu daga na'ura. "Ranka ya daɗe, ai sun ɗauki zanen yatsunka wancan karon. Fasfo ne sabo, yatsun kuwa na da ne."

"Kai da ka maimaita aji huɗu, yau kai za ka koya mini cike takarda?"

"Sau biyu ma na maimaita, Malam," in ji mai shagon yana murmushi. "Shi ya sa na san yadda ake komawa jarrabawa."

Hedimasta bai yi dariya ba. Aka rubuta a'a.

Ranar ganawa ya sa riga mai guga, takardunsa jere cikin fayil, kowace da lambarta. Matar ce ta fara zuwa gaban tagar gilashi. Ma'aikaciyar ta tambaye ta me ya canja tun wancan zuwan, ta miƙa wasiƙar makaranta. Ba a yi minti uku ba aka karɓi fasfonta, aka ce ta dawo ɗauka ranar Alhamis.

Shi kuma ya ɗora yatsunsa a kan ɗan gilashi mai koren haske. Ma'aikaciyar ta dubi kwamfuta, ta dubi fom, ta sake duban kwamfuta. Ya san wannan kallon. Haka yake yi a da, in ya ɗaga takardar yaro wajen hasken taga yana neman gurbin da aka goge.

"An taɓa hana ka biza?" ta tambaya, cikin ladabi.

Ƙofa ce ta buɗe masa, kuma ya gane ƙofa ce. Amma akwai mutane a layi bayansa, ciki har da wani da yake zaton uban ɗalibinsa ne.

"A'a," ya ce.

Ta yi ɗan rubutu, ta turo masa fasfonsa ta ƙarƙashin gilashi tare da takarda. Wannan karon ya karanta har ƙarshe, a tsaye. An hana shi saboda ba da bayanin ƙarya, kuma ba za a sake duba buƙatarsa ba sai bayan shekara biyar.

Da auta ta ji, sai ta kira shi a waya. Ta ce, "Baba, kujera biyu na kama. A layin gaba."

Shi ya ɗauki jakar matarsa har ƙofar shiga filin jirgi. Ranar yaye ɗalibai, bayan la'asar, ya jingina waya da babban ƙamus ɗin a kan tebur don kallon bikin, ya gyara tabarau. Ya ji an kira sunan 'yar da ya koya wa riƙe fensir, da sunansa a ƙarshen nata. Hoton yana tsayawa yana tafiya. Da aka haska layin gaba ya ga matarsa tana share ido, jakar hannunta a kan kujerar da ke gefenta.

Da ya fito benci, wani abokinsa ya ce, "Hedimasta, har yanzu sanyin bai ragu ba ne?"

Ya zauna, ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Ba sanyi ba ne," ya ce. "Hana ni aka yi. Na farko kuskure na yi, na biyu ƙarya."

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Hani na farko ba hukunci ba ne a kan darajar mutum, bayani ne na abin da ya rage, kuma wanda ya daure ya karanta shi yakan samu abin gyarawa. Matar Hedimasta ta amsa cewa an taɓa hana ta, ta kawo abin da aka nema, ta zauna a layin gaba. Shi kuwa ya ɓoye ƙaramin kuskuren da wasiƙa ɗaya za ta gyara, sai ya mai da shi laifin da shekara biyar ce kaɗai za ta goge. In an mayar da kai baya, ka karanta dalilin, ka gyara, ka faɗi gaskiya ko da layi na bayanka yana saurare. Kunyar amsa kuskure ta minti ɗaya ce, ranar da girman kai ya sa ka rasa kuwa ba ta dawowa.