Layar Kakan Hakimi

A garin Kwarin Gamji an yi wani hakimi mai yawan kuri da kayan gado. Ran nan ya sa aka kira Tasalla dillaliya, wadda ta tsufa a cinikin zinari, ya ajiye wata tsohuwar layar zinari a gabanta.

Ya ce, "Ta kakana ce, maganin ƙarfe, kuma ba ta yi wa kowa aiki sai jinin gidan nan. Yi mata kuɗi, har da asirin da ke ciki. In kin rage, kin raina kakana, sai bulala. In kin ƙara, ke za ki saya."

Tasalla ta goga layar a dutse, ta jinjina ta a tafin hannu, ta ce, "Ranka ya daɗe, zinarin dai na gaske ne, aikin maƙeran da. Amma asiri ba ya hawa sikeli, gwada shi ake yi. Ka rataya ta, dogari ya kawo sara. In takobi bai ci ba, duk ƙasar nan ba mai kuɗinta."

Hakimi ya shafa wuyansa. "A rataya miki mana."

"Da na so, amma ni 'yar talakawa ce. Kai ka ce sai jinin gidanku."

Dogari kuwa har ya fara zare takobi.

Hakimi ya ce, "Kai, mayar da shi kube. Ke kuma faɗi kuɗin zinarin kawai."

Tasalla ta gyara mayafinta ta ce, "To, ranka ya daɗe. Ni zan yi wa zinari kuɗi. Shi asirin ai ka riga ka yi masa."