Zoben da Aka Shafa wa Fenti

Akwai wani mutum a wani ƙaramin gari da ke bakin rafi, ɗan maƙeri ne, Allah kuwa ya ba shi hannu da ƙwaƙwalwa. Tun yana saurayi ya ga yadda ɓarar gyaɗa take cin yatsun uwarsa, sai ya zauna ya ƙera mata inji mai juyawa da hannu. Daga nan ya ƙera na surfe, ya ƙera famfon ban ruwa da ake takawa da ƙafa. Kafin furfura ta fito masa, rumfar ubansa ta zama masana'anta mai ma'aikata fiye da sittin. Sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai ya ce Mai Inji.

Hannunsa a buɗe yake. Ya haƙa rijiyoyi, ya rufa wa majami'a kwano, ya gina ɗakin shan magani. Amma yana da wani hali irin namu na masu sana'a. In ka yaba aikinsa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai ba shi da kyau, a dai yi haƙuri da shi." Yana faɗa ne yana jiran a musa masa, ana kuwa musawa, sai ka ga fuskarsa ta washe. Kada ku yi masa dariya, ni ma nakan yi haka in an ce wa'azina ya yi daɗi.

Rafin garin nan mugu ne da damina. Kowace shekara sai ya ci rai, domin gonaki da ƙauyuka suna wancan ƙetare. Mai Inji ya ce zai kafa gadar ƙafa da dukiyarsa, irin wadda take rataye a jikin manyan igiyoyin ƙarfe biyu. Kowace igiya za a ɗaure bakinta a jikin wani ƙaton zobe na zubi da aka dasa cikin siminti, biyu a wannan gaɓa, biyu a waccan. Nauyin gadar duka, da na duk wanda ya hau ta, yana kan zobban nan huɗu.

Aka sa ranar buɗewa, aka gayyaci hakimi, aka sayi shanu. Saura kwana uku aka zuba zobe na huɗu cikin gaggawa, ƙasar zubin ba ta gama bushewa ba. Masu zubi sun sani, in ƙasa tana da danshi, tururi yakan shiga narkakken ƙarfe ya bar rami a ciki, waje kuwa sumul. Da zoben ya huce, Baba Irmiya, tsohon da yake shugabantar masu zubi, ya buga shi da guduma kamar yadda aka saba. Ukun farko sun yi amo mai tsawo. Wannan ya ce ƙwas, ya yi shiru.

Tsohon ya ce, "Maigida, wannan yana da rami. A sake shi."

Mai Inji ya ce, "Kwana nawa?"

"Bakwai, in ana so ƙasa ta bushe."

Mai Inji ya tuna da hakimi da shanu, ya tuna rana ba ta ƙarya sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Ya ce, "A shafa masa fenti a dasa. Bayan biki ma canja shi, ba wanda zai sani."

Baba Irmiya ya ajiye gudumar a ƙasa ya ce, "Ba da hannuna ba." Ya koma ƙauyensu, kafin shekara ta kewayo ya rasu. Ba wanda ya rage da sanin maganar sai Mai Inji.

Aka yi biki, aka yi ta sa masa albarka. Bayan biki kuwa sai ya ga canja zoben yana nufin rufe gada, rufe gada kuma yana nufin a tambaye shi dalili. Ya ce sai rani. Rani ya zo, ya ce ai ta ɗauki damina guda lafiya.

Daga nan tsoro ya tare a gidansa. In hadari ya haɗu, sai ya bar abinci ya fita yana kallon sama. In ya ji an rangaɗa kuka a unguwa, sai ya aika a tambayo ko daga bakin rafi ne. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Shi kansa bai taɓa taka gadar ba, in yana da sha'ani a ƙetare sai ya zaga da mota ta babbar hanya, tafiyar rabin yini. Duk lokacin da tsoron ya shaƙe shi, sai ya ƙara yin alheri. Ya gina makaranta, ya raba wa gwauraye injinan surfe kyauta. Mutane suna cewa ba a taɓa yin mai tsoron Allah irinsa ba. Tsoro kam yana da shi, amma na mutane ne.

A damina ta uku, wata safiya, rafi ya cika ya batse. Ran nan ne matan zumuntar majami'a za su ƙetare zuwa taro a wani ƙauye, su fiye da ɗari, matarsa Damaris tana cikinsu. Gadar ba ta taɓa ɗaukar jama'a haka a lokaci ɗaya ba. Yana cikin masana'anta ya jiyo kiɗan tulu da waƙa sun nufi rafi. Ya jefar da abin da ke hannunsa ya ruga ba takalmi.

Ya iske kusan rabinsu sun hau, suna taka rawa bisa kiɗa, gadar tana lilo. Ya tare bakin gadar da hannu biyu ya yi ihu, "Ku tsaya! Gadar nan ba ta da kyau!"

Uwar zumunta, Mama Rahila, ta yi dariya ta ce, "Haba Mai Inji, kullum haka kake faɗa. Wannan tawali'u naka ya yi yawa. Matsa mana mu wuce, Allah ya ƙara buɗi."

Matan suka amsa, "Amin!" Suka ci gaba da hawa ta ƙarƙashin hannunsa.

Ya sake cewa, "Ba ta da kyau, na rantse muku!" Suka ɗauki maganar suka sa a waƙa suna yabonsa. Shekara talatin yana faɗar wannan kalma ba da gaske ba, yau da ya faɗe ta da gaske ba ta da nauyin ko ƙwayar gero.

Sai ya faɗi a gwiwoyinsa cikin taɓo, ya ɗaga murya ya ce, "Zoben da ke hannun hagu a wannan gaɓa yana da rami a ciki! Baba Irmiya ya ce a sake, na ƙi. Ni na sa aka shafa masa fenti. Shekara uku ke nan na sani!"

Kiɗa ya mutu. Damaris tana tsakiyar gada, ta juyo ta dubi mijinta, nan take ta gane abin da ya hana shi taka gadar nan tun da aka gina ta. Ta ce wa matan, "Kada kowa ya yi gudu. Ku koma ɗaya ɗaya, tsofaffi tukuna." Ita kuwa ta tsaya a baya tana tura su. Suna sauka, zoben yana ƙara kamar ana tauna tsakuwa, Mai Inji yana durƙushe kusa da shi yana kallon fentin yana tsagewa.

Duka suka sauka sai Damaris. Saura mata taki kamar goma zoben ya fashe, igiya ta zame, gadar ta kife. Washegari aka same ta a wata fadamar rake, can ƙasa da gari.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, zoben nan shi ne zunubin da ka sani, wanda kai kaɗai da Allah kuka san inda yake. Fentin kuwa ayyukan kirki ne da muke shafawa a kai. Rijiya abu ne mai kyau, makaranta ma haka, Ubangiji ba ya ƙin mai bayarwa. Amma rijiya ɗari ba su cike ramin da ke cikin zobe ɗaya ba, gadar kuma ba a kan kai kaɗai take faɗuwa ba. Akwai waɗanda suka ɗora nauyinsu a kanka domin sun amince da kai, matarka, mijinki, 'ya'yanku, waɗanda kuke koyarwa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne maganar bakinsa. Mu ma kowace Lahadi mukan ce, "Ya Ubangiji, mu masu zunubi ne," muna faɗa da murya mai daɗi, ba mai jin zafi a ransa, domin ba mu ambaci kome ba. Wannan irin "ba shi da kyau" ne na Mai Inji. Tuba ta gaskiya takan ce wane zobe ne, a wace gaɓa, wa ya sa aka shafa fenti. Tana da ɗaci, tana zubar da girma. Amma Almasihu ya zo ne domin masu rami a ciki, yana kuma karɓar duk wanda ya kawo masa nasa a buɗe.

Mai Inji ya tuba, na kuma gaskata an gafarta masa. Sai dai gafarar ba ta dawo masa da Damaris ba. Saboda haka kada ka ce sai rani. In akwai wanda ya kamata ya ji gaskiya daga bakinka, je ka same shi yau, tun mutanenka ba su kai tsakiyar rafi ba.