Mai Motocin da Ya Kauce wa Sikeli

Ya 'yan uwa, masu tsaye a bakin ƙofa ku shigo ku zauna. Na san da yawanku motoci na jiranku a tasha, na ga wasu sai duba waya suke. Ku ba ni ɗan lokaci.

An yi wani mutum a ƙasar nan tamu, haifaffen Tibiri. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana da 'ya'ya, kuma 'ya'yan ba su yi wa kowa laifi ba. Na san shi, mun sha tsayawa sahu ɗaya.

Direban kamiyo ne, babbar motar kaya, tun yana saurayi. Shekara goma sha huɗu ya yi yana ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano zuwa Maradi. Ya san wahalar hanyar nan. Ya taɓa yin sati uku a bakin tasha yana jiran takarda ɗaya. Ya taɓa kwana huɗu a daji saboda rami ya karya masa mota. Ba ya shan komai, ba ya taɓa kayan mutane. Manyan 'yan kasuwa suka yarda da shi, har Allah ya hore masa motar kansa. Daga ɗaya ta zama uku, daga uku ta zama bakwai. Ya je Makka ya dawo, ya auri wata baiwar Allah mai suna Balkisu, 'yar Sabon Gari.

Sai dai mutumin nan ba ya iya zama. In kun gaisa, hannunsa na cikin naka, idonsa na kan titi. In an sallame salla, kafin liman ya juyo ya kai bakin ƙofa. Waya biyu gare shi, kowace na kuka. In ya wuce gidajen tsofaffin attajirai na unguwar Zariya sai ya rage gudu, ya ɗaga kai ya kalli benaye, ranar ba ya cin abincin kirki.

Ana nan sai aka kawo gyara. Aka gina sabuwar tashar kaya a bayan gari, da manyan rumbuna da injin ɗaga kwantena. 'Yan duwan, wato kwastan, suka samu ofis a ciki, takardar da ake yi wa sati uku ta koma kwana biyu. Aka sake zuba kwalta a hanyar da ta yi kudu wajen iyaka. A bakin fita gari kuma, kan wannan hanya, aka kafa sikeli, wanda mota ke hawa da kayanta a ga nauyinta. Wadda ta wuce ƙa'ida, a sauke rarar. Don me? Don kada kwaltar ta mutu cikin shekara biyu kamar ta baya.

Mu da ba mu da teku, ya 'yan uwa, hanya ita ce tekunmu. Shinkafar da kuka ci yau ta kanta ta zo. Maganin da ke gidan likita, sumintin masallacin nan, takin manoma, duk ta kanta. Kowa ya yi murna. Manoman Jiratawa sun fi kowa, don zogalensu da tattasai sun fara isa kasuwa ba su yi yaushi ba.

Sandika, wato ƙungiyar masu motoci, ta zauna za ta fid da wakilinta a wajen sikeli, mutum mai gaskiya wanda zai sa ido kada a cuci kowa. Suka zaɓi mutumin nan. Ya tashi a gaban jama'a ya ce ya karɓi amana.

Wata shida ya riƙe ta. Motocinsa suna tafiya sau biyu a lokacin da a da suke yin sau ɗaya. Da ya tsaya nan, da ya ishe shi har jikokinsa. Amma kullum yana tsaye yana kallon motarsa na hawa sikeli, yana ganin sauran fili a bayanta, sai zuciyarsa ta ce masa: wannan filin asara ne.

Akwai wata hanyar jar ƙasa da ta ratsa ta cikin garake, wato lambunan Jiratawa, ta ɓullo kan kwalta can gaban sikeli. Hanyar manoma ce. A tsakiyarta akwai kadarko a kan babbar magudanar da ke kai ruwa ga garake. An gina shi don amalanke da babur da ƙaramar mota. Mutumin nan ya bi ta wata rana da motar hawansa, ya tsaya kan kadarkon, ya buga ƙafa, ya ce zai ɗauki babbar mota.

Ya samu wani fili a gefen gari. Motoci biyu su fito daga tasha da kayansu daidai ƙa'ida, a juye kayan ɗaya a kan ɗaya, wadda aka sauke ta koma ta ɗauko wani. Motar mai kayan biyu kuma ta bi ta Jiratawa. Shi kuwa yana bakin sikeli da carbi a hannu, yana sa a sauke wa wasu buhu goma don sun wuce ƙa'ida.

Kun ji? Mai gadin ma'auni ne ya fara gudun ma'auni.

Manoma suka aiko masa da dattawa uku. Suka ce kadarko ya tsage, ƙura ta rufe musu shuka, yara ba su da wurin raɓewa in motar ta taho. Ya karɓe su a tsaye, waya a kunne. Ya ce zai gyara bayan damina. Ya sa aka ba su goro.

Babban direbansa shi ne Ya'u, ƙanin Balkisu, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Wata safiyar Laraba, ƙarshen damina, Ya'u ya zagaya motar da aka ɗora wa shinkafa har sama, ya duba tayoyi sun kwanta. Ya kira mutumin nan a waya.

"Yaya, wagga mota ba ta hawa kadarkon nan yau. Jiya na ji shi yana motsi ƙarƙashina. Magudana cike take."

"Sau nawa ka hau shi?"

"Ya fi sau talatin."

"To mi ya same ka?"

"Yaya, don Allah a raba kayan biyu. Awa uku ne kawai."

"Awa uku! Mai kaya na jira a iyaka. In ba ka iyawa ka aje makulli, akwai masu so."

Ya'u ya tuna da bakin 'ya'ya huɗu. Ya ce, "To, Yaya." Ya hau.

Da hantsi ya iso kadarkon. A gefe, daf da bakinsa, wata amalanken shanu ta raɓe don ta ba shi hanya. Mata uku ne a kai da buhunan zogale, za su kasuwar Maradi. Kan motar ya haye lafiya. Da tayoyin baya suka hau, kadarkon ya ɓalle. Motar ta karkace, ta zube a kan amalanken, ta ja kanta zuwa cikin ruwa.

Ya'u bai fita ba. Mata biyu ba su tashi ba. Ɗayarsu Tsahara ce, matar wani manomi mai suna Gado, wanda ke cikin garkarsa nesa kaɗan, ya ji ƙarar da kunnensa. Shi da maƙwabtansa suka yi ta janye buhunan shinkafa da hannu har azahar kafin su kai gare ta.

Mutumin nan fa? Yana unguwar Zariya, a kan benen da yake ginawa, yana yi wa magina faɗa don sun yi jinkiri. Waya ta yi kuka. Waɗanda ke wurin sun ce abin da ya fara fita bakinsa shi ne, "Kayan fa?" Sai daga baya ya tambayi Ya'u.

Ku auna wannan a zukatanku. Ba mugu aka haife shi ba. Gaggawa da haɗama ne suka ci shi kaɗan-kaɗan, har buhu ya riga mutum zuwa bakinsa.

Jandarmomi suka zo kafin la'asar. Ba su sha wahalar bincike ba, don duk Jiratawa shaida ce. Sandika ta cire sunansa. 'Yan kasuwar da suka yarda da shi shekara ashirin suka janye kayansu rana ɗaya. Aka tsare motocin a wani fili, rana da ruwa suka cinye su. Alƙali ya ba shi shekara huɗu a gidan kaso.

Balkisu ta je ganinsa sau ɗaya. Ta ce, "Alhaji, ya kira ni da safen nan kafin ya hau. Ya ce in roƙe ka. Na kira ka sau uku, ba ka ɗauka ba." Ta koma gidansu a Sabon Gari, ba ta sake dawowa ba.

Magudanar kuwa ta karye a wurin. Kafin a gyara ta rani ya shigo. Garake fiye da ɗari suka bushe a shekarar. Samari da yawa suka bar garin, wasunsu har yau ba su komo ba.

Da ya fito, ya rame, gemu ya yi fari. Ya same ni a nan bayan sallar azahar. Ko a ranar bai iya zama ba, yana kai da komo a kan tabarma. Ya ce, "Malam, ba na samun sukuni. Ina son in tuba." Na ce masa ƙofar Allah a buɗe take, amma haƙƙin bayi sai bayi sun yafe. Ka je ka same su.

Ya tafi Jiratawa da ƙafa. Ya samu Gado yana ban ruwa. Ya durƙusa cikin laka ya faɗi ko shi wane ne. Gado ya ce ya gane shi. Ya ci gaba da ban ruwansa. Sannan ya ce:

"Tsahara kwananta ne ya ƙare. Abin da ke nawa a ciki na yafe maka, don ina son Allah ya yafe mini. Amma kadarkon nan ba nawa ba ne. Ruwan nan ba nawa ba ne. Akwai mai cikin da aka zagaya da ita ta nesa, ta haihu a hanya. Akwai waɗanda suka sai da garakensu suka tafi, ban san inda suke ba. Su zan yafe maka a madadinsu? Tashi, Alhaji, kana tare mini ruwa."

Ya tashi. Tun daga ranar yake bin gidaje. Wani ya yafe, wani ya rufe ƙofa, wani gidan ya tarar da baƙi a ciki, ba su ma san labarin ba. Makon jiya an gan shi a tashar Tibiri yana tambayar direbobi ko sun san inda wani mutumin Jiratawa ya koma. Sunan mutumin ma bai riƙe daidai ba.

Ya 'yan uwa, in ka cuci mutum ɗaya, ka san ƙofar da za ka buga. In ka cuci hanya, ƙofar wa za ka buga? Allah ya umarce mu da tsai da ma'auni, bai ce sai na tiya da mudu ba. Sikelin mota ma'auni ne. Kwalta da kadarko da tashar kaya dukiyar kowa ce, har jaririn da ba a haifa ba yana da rabo a ciki. An gyara mana su don arziki ya yalwata, kuma ya yalwata. Mutumin nan ya samu ninkin abin da yake samu ta halal, ya ce bai isa ba.

Kai mai mota, kai mai kaya, kai ma'aikacin da ke kau da kai, da kai direban da ka san birkinka ba zai riƙe ba: awa uku ne Ya'u ya roƙa. Yau in kun koma tasha, wanda ya san motarsa ta wuce ƙa'ida, ya sauke rarar kafin ya tayar.

Ya Allah, ka sanya wa zukatanmu natsuwa da wadar zuci. Ka ji ƙan Ya'u da Tsahara da 'yar uwar tafiyarsu. Ka karɓi tuban bawanka in ya yi gaskiya. Ka kiyaye mu daga ɗaukar haƙƙin da ba mu san masu shi ba. Amin.