Kulkin da Nomau Bai Ƙarasa Ba

Dalilin da ya sa kulkin Tudun Marke yake da zane a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma sumul, shi za ku ji yau, tun da kun sauko da na zaure ba da izinin kowa ba, har wani cikinku yana cewa wai aikin malalaci ne. Ku ajiye shi a kan tabarma, ku naɗe ƙafafunku. Wanda bai san asalin abu ba, ba ya sa masa baki.

A da ba haka ake yi ba. Tun dajin yamma bai zama gonaki ba, akwai wani masassaƙi a garin nan, sunansa Nomau. Turmi da akushi da ƙotar fartanya duk yana yi, amma kulki ne ya kai sunansa nesa. Ƙirya yake sarowa, ya bar ta ta sha iska shekara guda, ya sassaƙe da gizago, sannan ya sa ƙarfe a wuta ya bi ta da zane tun daga kai har mariƙa. Doka ɗaya gare shi: kaya ba ya fita gidansa sai zane ya zagaye shi.

Ɗa ɗaya Allah ya bar masa, Korau. Shekarar da manya suka yarda Korau ya bi su farauta, Nomau ya zaɓi ƙiryar da ta fi kowace nauyi ya fara yi masa kulki. Ya gama sassaƙa, ya zana gefe guda, sai aka yi shela gobe za a fita.

Korau ya durƙusa a bakin rumfa ya ce, "Baba, kulkina fa?"

"Saura gefe guda."

"Ai naman daji ba ya duba zane, Baba."

Nomau ya ce, "Shi ba ya dubawa, mutane suna dubawa. Ɗan Nomau ya fita da kulki rabinsa tsirara? Ka jira farauta ta gaba."

Tsahara, uwar Korau, tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ce, "Maigida, ba shi mana. In ya dawo ka ƙarasa."

"Na taɓa ce miki ki sauke tuwo bai nuna ba?"

"Ɗanyen tuwo ba ya ciwuwa. Wannan kuwa ko yanzu zai yi duka."

Nomau ya miƙe. Ya mayar da kulkin bayan rumfa.

Da gari ya waye aka buga ganga, karnuka suka hau haushi. Nomau yana kallo Korau ya zari wata sandar ceɗiya daga jikin danga ya bi sa'o'insa. Ya buɗe baki zai kira shi, girman kai ya rufe masa. Ya ce a ransa bari ya hura wuta, in ya gama kafin hantsi sai ya bi su da shi. Amma itacen girki ya sha raɓa, wuta ta ƙi kamawa da wuri. Da ta kama kuma, ya ga wani layi a gefen da ya riga ya zana bai miƙe ba, ya tsaya gyara shi.

Ƙarfe na cikin wuta, wajen la'asar, ya ji gangar tana dawowa, ba da kiɗan da ta fita da shi ba.

Sarkin Baka, shugaban mafarauta, shi ya shigo gaba, da guntayen sanda biyu a hannunsa. Ya ce, "Nomau, sai haƙuri. Gyado ne, mugun dawan nan mai haure. Yaronka bai gudu ba. Ya tsaya, ya buga masa daidai inda ake bugu, a kan hanci. Sandar ce ta karye."

Haure ya tsaga wa Korau cinya. Kafin su kawo bakin rafi jini ya ƙare, rai ya yi halinsa.

Aka yi sadakar bakwai. Ran nan Tsahara ta fito ta tarar mijinta ya hura wuta, kulkin yana kan cinyarsa, ƙarfe ya yi ja. Ta ce, "Wa za ka ƙarasa wa?"

Nomau ya tsoma ƙarfen a ruwa. Ya ɗaura wa kulkin igiya ya rataye a zaure, inda zai riƙa ganinsa in zai fita, in kuma ya dawo.

Bayan wata biyu wani mafarauci ya zo karɓar nasa kulkin, ya juya shi ya ce, "Ai ba ka gama ba."

Nomau ya ce, "Zai yi duka?"

"Zai yi."

"To na gama. Ɗauki ka tafi."

Duk wanda ya koyi sassaƙa a hannunsa haka ya koya. Shi ya sa har yau, ko a kasuwar wace ƙasa kuka tsinci kulkin ƙirya mai zane gefe ɗaya, ba sai kun tambaya ba, daga garin nan ya fito. Wannan da ke gabanku shi ne na farko, kuma mai shi bai taɓa riƙe shi ba. Ku mayar da shi inda kuka ɗauko, da hannu biyu.